Jirgin katakon Farragut da na saya a Jidda

Masu tambayata a kan jirgin nan na katako da na ɗora hotonsa a WhatsApp, to ga bayani a dunƙule kowa ya huta. Ba a haɗe ake sai da shi ba, kwali ne cike da ɓallin katako da zare da ƴan ƙananan igwa na ƙarfe, kai za ka zauna ka harhaɗa abinka. A wani shagon kayan wasa nan Jidda na same shi, kuɗinsa ya ɗan haura riyal 300 kuma mai shagon ko halala ɗaya, wato kwabon Saudiyya, bai rage min ba duk magiyar da na yi.

Samfurin jirgin yaƙin Amurka ne mai suna Hartford, wanda aka gina a Boston aka sa shi ruwa a 1858, irin na zamanin da ake haɗa injin tururi da ƙyallen iska a jirgi ɗaya, shi ya sa za ku ga dogayen sanduna uku ga kuma bututun hayaƙi a tsakiya. Katakon kam ba laifi, yankan ya fita tsaf. Amma gam babu a ciki sai ka nema daban, kuma shafin Larabcin takardar bayanin wallahi gara ka bi hotuna kawai.

Abin da ya ban dariya, a jikin kwalin an rubuta wai ɗan shekara 10 zai iya haɗawa. Ina! Sai dai in yaron irin mai jirgin ne, don shi David Farragut, kwamandan Amurka da ya yi yaƙi da jirgin, yana shekara 9 aka ɗauke shi sojan ruwa. A 1801 aka haife shi a Tennessee, babansa mutumin tsibirin Minorka ne na Sifen, mamarsa ta rasu da ciwon shawara a 1808 sai wani hafsa David Porter ya ɗauke shi riƙo, kuma lokacin yaƙinsu da Ingila na 1812 yana ɗan shekara 12 aka damƙa masa jirgin da suka kama aka ce ya kai shi tasha, da manyan ƙarti a ƙarƙashinsa fa. Namu ƴan sha biyun baƙala ma, wato shagon unguwa, sai ka aike su sau biyu.

Gaskiya labarin mutumin ne ya sa ban ji zafin kuɗina ba. Da yaƙin basasar Amurka ya tashi a 1861 bayan jihohin kudu sun ɓalle, yana zaune a Norfolk ta Bajiniya, matarsa ƴar can ce, shi ma haihuwar kudu ne, kowa na ganin ƴan kudu zai bi, sai ya kwashi iyalinsa ya yi New York ya tsaya wa gwamnati. A Afrilun 1862 da wannan Hartford ɗin ya jagoranci jiragensa cikin dare suka ratsa tsakanin ganuwa biyu da ke gadin kogin Misisipi ana ta yi musu ruwan wuta, ya je ya kama New Orleans, birni mafi girma a hannun ƴan kudu.

Sai yaƙin mashigin tekun Mobile a jihar Alabama ran 5 ga Agusta 1864, wanda shi ne zanen da ke bayan kwalin. Hayaƙin igwa ya rufe ko'ina, dattijo mai shekara 63 ya hau igiyoyin jirgi don ya hango gaba har sai da aka ɗaure shi da igiya kar ya faɗo, ga nakiyoyi an dasa a ruwa, ɗaya ta tashi da jirginsu Tecumseh ya nutse nan take, jirgin da ke gaban Hartford ya tsaya yana ja da baya, shi ko Farragut ya ce a taka kawai a bi ta kansu. Aka bi, sauran nakiyoyin ba su tashi ba. A 1866 aka ba shi cikakken muƙamin admiral, wato babban hafsan sojan ruwa, shi ne na farko a tarihin Amurka, ya rasu a 1870. To duk da haka masu kwalin ba su sa ko ɗan mutum-mutuminsa da za ka ɗaure a igiyar ba, wannan kam sun yi rowa.

Kuma igiyoyin nan su ne wahalar aikin gaba ɗaya, zaren siriri ne ƙwarai, ƙulli kan ƙulli, in idonka ba shi da ƙarfi nemi tabarau da ɗan hantsaki tukuna. Katakon gefen jirgi kuma jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin ka lanƙwasa in ba haka ba karyewa zai yi, kuma ba su sa ƙari da yawa ba. Ƴan Jidda ku yi aikin a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don raɓar nan tamu ba ta barin gam ya bushe da wuri, ƴan Makka da Madina ku da sauƙi.

In babba ne mai haƙuri zai saya wa kansa, ya saya. In don yara ne, ƙara kuɗi ka ɗauki haɗaɗɗe, akwai su a shagon, sai dai ban ga Hartford a cikinsu ba.