Murfin bayan katin girafik da aka yanka mani a Damagaram

Masu tambaya ina na samu farantin da ke bayan GTX 1650 ɗina, wato katin girafik mai fidda hoto a kwamfuta, ba oda na yi ba, wani mai yankan gilashi da alminiyam ne kusa da Kasuwar Dole ya yi mani. Katin haka ya zo bayansa tsirara, ga ƙurar Damagaram in hunturu ya kama sai ka ga ta kwanta kansa.

Gaskiya yaron yana da hannu. Ya aza katin bisa kwali ya zana, ya fidda gurbin vis-vis ɗin nan huɗu na tsakiya, sannan ya yanka pileksi (roba mai kama da gilashi) mai kaurin milimita 3, ya goge bakin sumul, ya fesa baƙin fenti ta ciki, shi ya sa waje yake ƙyalli. Da sikoc mai manne gaba da baya muka liƙa, ba mu kwance ko vis guda ba. Jikka huɗu ya amsa, ban ga tsada ba.

Amma fa kar a ruɗe ku, pileksi ba ya sanyaya komi, ado ne da tare ƙura kawai, yana ma iya riƙe zafi in ka matse shi, don haka a bar ɗan fili iska ta ratsa, balle watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. Ya so ya yi mani na alminiyam na ƙi, ƙarfe in ya taɓa dalmar bayan katin kuran ya haɗu shi ke nan ka yi asara, kuma shi ba gwanin kwamfuta ba ne. Ku auna tsakanin katin da RAM (sandunan memori da ke kusa da shi cikin kwamfuta) kafin ku je, nawa da ƙyar ya shiga.