Mabry Mill: injin niƙa da ba ya gaggawa

A watan Oktoba abokina ya ɗauke ni daga Roanoke muka hau titin Blue Ridge Parkway a jihar Virginia ta Amurka, wai zai nuna mini injin niƙa. Na yi dariya, don ni kam injin niƙa ba baƙona ba ne, tun ina yaro ake aikena da kwanon masara. Ashe wannan daban ne.

Yana daidai mil na 176 a kan titin, kusa da ƙauyen Meadows of Dan. Ɗan ginin katako ne a bakin tafki, ga wata ƙatuwar ƙafa ta katako, kewayayya kamar ta keke, a gefensa. Ruwa na bin kwatamin katako mai tsawo, ya zubo a kan ƙafar daga sama, nauyinsa ya juya ta, ita kuma ta juya duwatsun niƙa a ciki. Ba dizal, ba hayaƙi, ba ƙarar nan mai toshe kunne.

Ed Mabry ne ya gina shi a farkon shekarun 1900, shi da matarsa Lizzie suka riƙe shi. Maƙeri ne kuma, yana yanka katako da ƙarfin ruwan nan. Ya rasu a 1936, daga baya hukumar gandun daji ta ƙasa ta karɓi wurin.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙarancin ruwan. Rafukan wajen ƙanana ne, sai da Mabry ya yi ta haɗo su da kwatami kafin ƙafar ta samu na juyawa. Saboda haka niƙan a hankali yake tafiya, garin ba ya ɗaukar zafi balle ya ƙone. Nan take na tuna kakata, wadda har ta koma ga Allah ba ta yarda da garin inji ba, ita dai na dutse.

Shiga kyauta ne. Awa ɗaya ta isa a zaga maƙera da sauran gine-ginen. Kuskurena zuwa ranar Lahadi lokacin da ganye ke sauya launi: jama'a maƙil, kowa da kyamara. Ku je da sassafe a tsakiyar mako, ku riƙe rigar sanyi.

Na sayo garin masara a shagon wajen. Ya ɗan yi tsaki-tsaki, sai da na tankaɗe shi, amma tuwon ya tafi da miyar kuka sumul.