Ra'ayina Kan Aikin Mai Gyaran Wuta da Ya Duba Wayarin Gidan Hayarmu a Kaduna

Gidan da muke haya a Unguwar Rimi tsohon gini ne, kuma tun shigarmu firji yake ɗan jan duk wanda ya taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Wannan ne ya sa na kira wani mai gyaran wuta, kuma na gamsu da aikinsa.

Bai tsaya ga kallon ido ba. Ya kwance soket-soket ɗaya bayan ɗaya, inda ya gano cewa wayar ƙasa mai launin kore da ruwan ɗorawa, wadda suke kira atin, ba a haɗa ta ba a kicin da banɗaki. Da ya tono ƙasa a bayan ginin, sai ga sandar atin da aka binne ta ci tsatsa har ta rabu da wayarta. Ya bayyana mini cewa idan wuta mai ƙarfin bolt 230 ta zube a jikin ƙarfen na'ura, wannan sanda ce ke kai ta ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum, kuma bushewar ƙasa lokacin hunturu tana rage mata aiki. Ya binne sabuwa ta tagulla, ya auna ta, sannan ya sa bireka mai yanke wuta da zarar ta fara zuba.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne bai ba ni sakamakon awon a rubuce ba, alhali da shi nake son tunkarar mai gidan kan kuɗin da na kashe, kafin na nemi jami'an NEMSA, hukumar gwamnati mai duba ingancin haɗin wutar lantarki, su duba sauran ginin.