Wane anime na masu shan jini ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda zai kashe kuɗi ko data a kan anime (fina-finan zane na Japan) na masu shan jini ya kamata ya fara tantance ko tsoro yake nema ko kuwa faɗa da feshin jini, domin masu sayarwa suna zuba su a kwando ɗaya alhali ba tafiyarsu ɗaya ba. Ni tsoro nake nema, shi ya sa Shiki ne zaɓina.

Kamfanin Daume ne ya fitar da Shiki a 2010, bisa littafin Fuyumi Ono na 1998, kashi 22, sai ƙarin kashi biyu da suka fito a faifai daga baya. Labarin yana faruwa a Sotoba, ƙauye mai mutane kusan 1,300 a tsakiyar duwatsu, inda har yanzu binne mamaci ake yi maimakon ƙona gawa kamar yadda aka saba a yawancin Japan, kuma a kan wannan al'ada aka ɗora komai. Bayan iyalin Kirishiki sun tare a wani gida irin na Turawa a kan tudu, sai mutane suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Likitan ƙauyen, Toshio Ozaki, ya ɗauka annoba ce, yana auna jinin marasa lafiya yana ganin ya ragu, babu rauni illa tabo biyu kamar cizon ƙwaro. Abin da ke tayar da tsigar jiki shi ne wanda aka binne kwanan nan ya tsaya a bakin taga da dare, kuma ba zai iya shiga ba sai na ciki ya ba shi izini. Daga baya, lokacin da mutanen gari suka gano gaskiya suka ɗauki turaku da guduma, sai mai kallo ya rasa wa zai fi tsoro, matattun ko masu rai.

Yana da aibi. Kashi-kashin farko suna tafiyar hawainiya, sunaye sun yi yawa, kuma gashin da aka zana wa mutanen ya yi kama da na wasan yara, har yakan rage kwarjinin wurin makoki. Wanda ya daure zai manta da gashin.

Hellsing Ultimate, kashi 10 da suka fito tsakanin 2006 da 2012, yana da kyan zane, amma jarumin labarin, Alucard, ya fi ƙarfin kowa, saboda haka babu fargaba, sai harsashi. Vampire Hunter D: Bloodlust na 2000 fim ne guda na zama ɗaya, ya dace da mai neman ƙawa. Seraph of the End faɗan samari ne da takubba, Vampire Knight kuwa soyayyar 'yan makaranta ce aka shafa mata jini.

Inda aka fi cin kuɗin mutane shi ne wurin saye. Na taɓa biyan wani mai tura fina-finai a memori kuɗin Hellsing Ultimate, sai da na koma gida na tarar da Hellsing na 2001 ne ya sauya wa suna. Na 2001 ɗin na kamfanin Gonzo ne, kashi 13 gajeru, kuma daga tsakiya ya kauce wa labarin asali. Tun daga ranar nake ƙirga kashi kafin in miƙa kuɗi: idan aka nuna maka 13 masu minti ashirin da 'yan kai, ba Ultimate ba ne, domin kowane kashi nasa ya haura minti arba'in. Haka Shiki, sau da yawa kashi 22 ake turawa a ce ya cika, alhali akwai 20.5 da 21.5, waɗanda suka nuna farautar da mutanen gari suka yi daki-daki. Blood-C na 2011 kuma yana yawo iri biyu, wanda aka haska a talabijin an rufe wuraren jini da baƙi ko farin haske, na faifai ne cikakke.

A duba fassarar da ke ƙasan allo tun a shagon. Idan sunan mutum ɗaya yana sauyawa daga kashi zuwa kashi, ko rubutun yana riga magana fita, kwafin bogi ne, kuma a labari mai yawan sunaye kamar Shiki wannan kaɗai ya isa ya ɓatar da mutum. Mai odar faifan Blu-ray na asali daga Amurka ko Japan ya sani cewa ana kulle irin wannan faifai bisa yankunan duniya: nasu na yankin A ne, Afirka kuwa tana yankin B, don haka ya tabbatar na'urarsa tana karanta shi. Shafin da ya yi alkawarin kallo kyauta sannan ya nemi lambar katin banki, a rufe shi nan take.