Bakin Mai Na Yoyo A V-Boot: Maganin Toshewa Ko Canza Gaskit?

Masu tsohuwar Marsandi V-Boot, musamman mai injin M104, kun san halinta, tana tsufa sai ta fara zubar da bakin mai ta gaskit din kai (shimfidar da ke like tsakanin kan injin da jikinsa) ko murfin gaba wajen cen din taimin (sarkar da ke daidaita aikin injin). Wasu kawai maganin toshe yoyo suke zubawa, yana da araha kam, amma aikinsa kumbura roba ne, idan sil (robar da ke hana mai fita) ya bushe zai dan rage diga, in kuwa gaskit ya fashe wallahi asarar kudi ce. Canza gaskit tsada, mota ma sai ta kwana a gareji. Ni dai canza gaskit na zaba, amma a tabbata bakanike ya fara wanke injin tas a ga inda man ke fitowa, don mai gangarowa yake daga sama, sai a dora wa sil din kasa laifi.