Zakin Fijo a garinsu

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya, da su Inna da yara. Sanyi ya shigo mana nan Montbéliard a ƙasar Faransa, da safe sai na kankare ƙanƙara daga gilashin mota kafin in fita. Saƙonka ya iso, wanda ka ce in nemo maka mota mai tambarin zaki in ɗoro a jirgin ruwa, tunda Allah ya kai ni garinsu. Ban amsa da wuri ba don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Gaskiya ne garinsu nake. Daga inda nake haya zuwa Sochaux, inda babbar masana'antar Peugeot take tun 1912, tafiyar 'yan mintuna ce a bas. Zaki kuwa ko'ina ka juya yana nan, har a rigar ƙungiyar ƙwallon garin, wadda iyalin Peugeot suka kafa a 1928. Ran Asabar ɗin da ta wuce na shiga gidan kayan tarihin kamfanin. Abin da na fara cin karo da shi ba mota ba ce. Zarto ne, da maniƙar gahawa, da keke, da keken ɗinki. Na tsaya ina tambayar kaina ko ƙofa na ɓata.

Ashe mutanen nan maƙera ne tun asali. A 1810 wa da ƙani, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mai da wurin niƙan hatsi na gidansu wurin sarrafa ƙarfe. Zarto suka shahara da shi, kuma don zarton aka yi zakin. Wani maƙerin zinariya na garin nan, Justin Blazer, shi ya zana shi a 1847, aka yi masa rajista a 1858: zaki yana tafiya a kan kibiya. Manufar ita ce haƙoran zarton suna da ƙarfi kamar na zaki, ƙarfen yana lanƙwasa kamar gadon bayansa, yankan kuma yana da sauri kamar tsallensa. Kafinta ko da bai iya karatu ba, in ya ga zaki ya san ƙarfen kirki ne. Mota sai 1889, lokacin da Armand Peugeot ya fito da wata mai ƙafa uku da tururi ke ja. Ka ga zakin ya girmi motar da shekara arba'in da wani abu.

Na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, yadda yake goge zakin 504 ɗinsa da gefen rawani yana cewa ƙarfin inji ne ya sa suka zaɓi sarkin dawa. Da yana raye da na gaya masa zakin na kafintoci ne, in ga me zai ce. Wanda muka saba gani a tsaye kan ƙafafun baya, hannuwa a sama, ya zo ne da ƙirar 203 a 1948, an aro shi daga tambarin wannan yanki, Franche-Comté. A 2021 suka sake shi: yanzu kai ne kawai da geza, cikin garkuwa baƙa. Ni dai na tsaye ya fi burge ni. Lambobin nan masu sifili a tsakiya kuma da 201 suka fara a 1929, sun riƙe su kam, har sai da kamfanin Porsche na Jamus ya sauya sunan motarsa daga 901 zuwa 911 saboda Peugeot ya ce bai yarda ba.

Sai ga 504 a ajiye, an kewaye ta, fenti yana ƙyalli, yaran Faransawa suna ɗaukar ta hoto kamar sun ga raƙumin dawa. An fito da ita a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Motar da aka harhaɗa mana a Kakuri bayan an buɗe masana'antar Kaduna a 1975, aka ci gaba da yin ta can shekaru da dama bayan Turai ta daina, motar gwamna da ta hakimi da ta tashar Kawo, ita ce nan ta zama kayan kallo. Wata biyu ina lura a kan titi, ban ga ko ɗaya tana aiki ba. A-kori-kura kuwa, 404 ɗin da take kai buhunan masara kasuwar ƙauye, wani dattijo da ya yi aiki a masana'antar ya ce min rabonsa da ganin ta ya manta.

Sauran biyun da suka cika titi su ne Renault da Citroën, waɗanda mutanenmu na Maraɗi da Damagaram suka fi mu sani. Tambarin Citroën ka san shi, kamar igiya biyu a hannun kofur. Ba ruwansa da soja. André Citroën ya je Folan a 1900 ya ga wani irin giya na inji mai haƙora a karkace, suna haɗuwa a tsakiya, ya sayi haƙƙin ƙirar ya dawo ya buɗe masana'anta. Haƙoran giyan nan su ne tambarin. Kamfanin mota ya kafa shi a 1919. Mutum ne mai son talla ƙwarai: ya rubuta sunansa da fitilu a jikin hasumiyar Eiffel daga 1925 zuwa 1934, ya kuma tura ayarin motoci suka ƙetare Sahara har Tumbutu a farkon 1923. Ayari na biyu, na 1924, ya bi ta Yamai da Damagaram ya nufi tafkin Chadi. Bashi ya ci shi daga baya, masu tayar Michelin suka karɓe kamfanin, ya rasu a 1935. Tun 1976 Citroën yana gida ɗaya da Peugeot, yau kuma dukansu suna ƙarƙashin babban kamfanin Stellantis tare da Fiat da Jeep da Opel. Ka buɗe bonet ɗin motoci biyu masu tambari daban, ka tarar inji ɗaya ne.

Na Renault ba shi da dogon labari. Murabba'in nan da aka tsayar kan kusurwa ya fito a 1925, a hancin mota, da 'yan tsage-tsage don ƙarar hon ta samu hanyar fita. Gwamnati ta ƙwace kamfanin a 1945, har yanzu tana da hannun jari a ciki.

To ga inda maganarka ta shigo. Tambarin yana nan, amma motar da ke bayansa ba irin wadda ka koyi gyara a kanta ba ce. Ba zaki kaɗai ba, duk motocin yanzu haka suke. Kwanan baya wata fitila ta kama a gaban tsohuwar motar da nake ja. Na kai ta wani gareji a bayan gari. Ba wanda ya ce in taka totur ya saurari kukan inji. Wata mata ta duba kwamfuta ta ba ni rana, sai bayan kwana tara. Ranar da na koma, wani saurayi mai farin hannu ya soka waya a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta allo, ya miƙo min takardar kuɗi kafin ya taɓa ko da noti guda. Kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, ya kusa kamo kuɗin kayan. Abin da ya lalace ɗan ƙaramin abu ne kamar yatsa, ba a gyara shi, cirewa ake a jefar. Na tuna ka kwance ƙarƙashin mota kan kwali, ka wanke kabureta da fetur, ka hura da baki, mota ta tashi, mai ita ya ba ka abin da ya sawwaƙa.

Kada in yi musu rashin adalci. Abin da suka rubuta a takarda shi za ka biya, kayan da suka ce sun saka shi suka saka, ba jabu. Kowace mota in ta cika shekara 4 dole a kai ta gwaji, daga nan duk shekara 2, a duba birki da fitila da hayaƙi, in ta faɗi sai ka gyara ka dawo. Ba inshora, ba hawa titi. A gidan mai da kanka za ka zuba, ka biya da kati, litarsu lita ce. Wannan kam ina yi mana sha'awarsa.

Amma motar da aka ƙera don irin wannan tsari, da man da aka tace sosai, da titi sumul, in ta sauka hanyar Birnin Gwari da damina wa zai karanta mata allo? Yawancin masu sauƙin kuɗi a nan na dizal ne, masu matatar hayaƙi da ke toshewa in man ba shi da kyau. In ta toshe, ba lallai ka samu irinta a Panteka ba. Shawarata, ka fara zagayawa wajen masu kayan gyara ka tambaya wace ƙira ce kayanta suka wadata, kuma wa ke da na'urar duba ta a kusa da kai. Ka turo min sunan ƙirar da shekarar, mai fetur, sannan in shiga nema. Kuɗin jirgi da na kwastan ma ka bincika kafin mu sa hannu.

Kafin nan akwai abu ɗaya mai zaki da na riga na saya. Har yau iyalin suna ƙera maniƙar masoro, wadda suka fara tun 1874, ta katako, da ɗan zaki a jikin ƙarfen. Na saya wa Inna guda, zan bayar a kawo mata in wani zai taho gida da salla. Ka gaya mata ba a sa mata ruwa, murɗa kan kawai ake yi. A gaida kowa da kowa.