Kujerar mutum ɗaya da saitin da ya zo da ita: bayan wata takwas

Kujerar mutum ɗaya ce ta ja hankalina tun farko. Doguwar kujera mai zaman mutum uku da teburin tsakiya kuwa na haɗa da su ne saboda an ce tare aka tsara su. Yau wata takwas ke nan suna falona.

Ita wannan kujera ina sonta har raina. An yi ta ne da salon Womb Chair, wadda mai zanen gine-gine Eero Saarinen ya zana wa kamfanin kayan ɗaki na Knoll ta fito a 1948, bayan Florence Knoll, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, ta nemi kujerar da mutum zai naɗe ƙafafu ya lafe a ciki. Tawa ba ta asalin ba ce, wani kamfani ne ya ɗauki salon, amma ya fahimci abin da ake nufi. Bayanta ya zagayo kamar ƙwarya, ya tallafi ƙugu da kafaɗa, hannayenta kuma sun buɗe ta yadda gwiwar hannu ke samun wurin hutawa idan ina karatu. Da daddare nakan zauna awa biyu, in tashi ba ciwon baya. Soson bai lotsa ba ko kaɗan. Ka danna shi da tafin hannu, ka ɗaga, nan take ya dawo.

Yadin irin mai ƙulle-ƙullen zare ne da ake kira bukle. Kafin in saya na tambayi lambar Martindale, wato sau nawa aka goga yadin a gwaji kafin ya fara lalacewa, aka ce 40,000, kuma gaskiya bai sulɓe ba. Sai dai yana riƙe ƙura a tsakanin zaren, kuma farcen kyanwa ya taɓa zaro ƙulli ɗaya a gefen hannu. Duk mako sai na bi shi da burushi mai laushi.

Doguwar kujerar ce ta ba ni haushi. Launi ɗaya, ƙafafun ƙarfe iri ɗaya, amma zama ba ɗaya ba. Na auna tsayin mazauninta daga ƙasa: santimita 38, ga zurfi. Mahaifina yana fama da gwiwa, ranar da ya zauna a kai sai da na ba shi hannu kafin ya miƙe, kuma na ga yadda abin ya dame shi. Tun daga ranar kujerar cin abinci yake jawowa idan ya zo. Sosonta ma ya fi laushi, tsakiyarta har ta fara nuna inda aka fi zama.

Teburin ba laifi, na wani katako mai ƙarfi ne da ake kira oak, yana gogewa da tsumma.

Da zan sake saye, kujerar mutum ɗaya zan ɗauka guda biyu, doguwar kuma in nemo ta daban, mai tsayin santimita 45 ko kusa, in kai Baba ya zauna a kai kafin in biya.